Ma'aikaci Ɗaya, Tashoshi Uku

A Ketare Injiniya ake ce masa. A Daudawa mai sola. A Sabuwa kuwa da yawa ba su san sunansa ba, sai dai in wuta ta ɗauke ka ji masu injin niƙa suna tambaya ko mai jar hular nan ya iso. Sunansa Ɗanlahadi Yusufu, shekarunsa talatin da biyar, kuma shi kaɗai ne cikakken ma'aikacin Kamfanin Walƙiya da ke zaune a wannan yanki, tun daga Ƙanƙara har Sabuwa.

An haife shi a 1990 a wata 'yar unguwar manoma da ke bayan Ketare, gidajenta ba su fi ashirin ba, sai ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Kakansa bai yi salla ba, bai kuma je coci ba har ya mutu. Ubansa Yusufu ne ya fara zuwa. Dawa da masara suke nomawa, suna kiwon 'yan awaki. Uwarsa, Inna Tabita, ita ta dage sai ya yi boko, don tun yana ƙarami in rediyon gidan ta lalace shi ke kwance ta ya maida, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ƙarasa mutuwa. Ya yi sakandare a Ƙanƙara, ya karanta aikin lantarki a Katsina, ya yi hidimar ƙasa a kudu, sannan ya dawo ya zauna shekara uku ba aiki. A wannan zaman ne ya kama rumfa a kasuwar Ƙanƙara yana gyaran fanka da janareta. Uban ya rasu a cikin shekarun nan, bai ga ranar da aka ɗauki ɗansa aiki ba.

Walƙiya babban kamfanin makamashi ne, hedkwatarsa a Legas, yana harkar gas da tashoshin wuta a jihohi da dama, ma'aikatansa dubbai. A 2017 ya fara kafa ƙananan tashoshin hasken rana a garuruwan da wutar gwamnati ba ta wadace su ba, ya ɗebi matasa arba'in daga arewa. Ɗanlahadi yana cikinsu. Aka kai su Abuja horo na sati uku.

Har yau in yana ba da labarin satin ukun nan fuskarsa takan sake. Ofis ne mai faɗi, ba ɗakin manya ba na ƙanana, kowa da teburinsa a fili. Shugabar sashen, wata mata 'yar Legas, ta ce musu ranar farko kada wanda ya ce mata madam, a kira ta da sunanta kurum. Ɗanlahadi ya yi ta ƙoƙari, harshensa ya ƙi. A shekaru matar ta kusa haihuwarsa. Ta ce musu kamfanin nan gidansu ne, duk mai magana ya faɗa, ba a hukunta mutum don ya faɗi gaskiya. Ta ce an ɗauke su ne don su 'yan zamani ne, ba sa tsoron tambayar dalili. Shi da ya tashi a inda yaro ba ya tambayar babba dalili, maganar ta shige shi ƙwarai. Ya yarda da ita har zuciyarsa.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi a can. 'Yan kudu suka ji Hausarsa suka ɗauka Musulmi ne, 'yan arewa suka ga bai tashi ba lokacin salla suka ɗauka baƙo ne ya koyi yaren. Sai ya yi ta bayani. Wanda bai nemi bayani ba shi ne Mas'udu, wani dogon saurayi ɗan Ruwan Godiya mai yawan dariya, da ya ji lafazinsa kurum ya ce, "Kai, mutumin Ƙanƙara, mi ka zo yi cikin mutane?" Daga ranar suka zama abokai.

Da aka gama horo aka turo su biyun gida, aka ba su tashoshi uku: Ketare, Daudawa da Sabuwa. Kowace tasha fili ce da aka kewaye da waya, cikinta jerin allunan sola da kwantena mai ɗauke da batura, daga nan wayoyi su bi falwayoyi su shiga gari. Aka ba su mota da direba, aka kuma haɗa su da Malam Yahya, wani dattijo ɗan Faskari da ya yi shekara talatin yana hawa falwaya a zamanin da wuta take hannun gwamnati, kamfanin ya ɗauke shi kwantiragi don ya san wayoyi ya kuma san mutane.

Shekaru ukun farko su ne masu daɗi. Sukan fita da safe su huɗu, su yi aiki, da rana su zauna inuwar kwantena su ci abin da suka saya a hanya. A nan ake gardama, kuma kusan kullum a kan abu ɗaya. Duk wata uku kamfanin kan turo wa ma'aikata tambayoyi a waya: kana jin daɗin aikinka, kana ganin ana sauraronka, za ka shawarci abokinka ya zo nan. Mas'udu yakan karanta da ƙarfi yana kwaikwayon muryar 'yan Legas.

Malam Yahya ya ce, "Mu dai a zamaninmu ba wanda ya taɓa tambayata ko ina jin daɗi. Aiki ne, a yi shi. In ka yi laifi a zage ka gaban jama'a."

"To ka gani, Baba," in ji Mas'udu. "Mu ba za mu ɗauki wannan ba. Ni in aka zage ni gobe ba a ƙara ganina."

"Tsaya ka ji sauran. Ranar sunan ɗiyata ta fari, babban injiniyanmu da kansa ya taho daga Funtuwa, ya zauna kan tabarma ya ci tuwo. Wanda ya zage ni ɗin nan. Ku naku manyan kullum suna tambayar zuciyarku, akwai wanda ya san sunan garinku?"

Mas'udu ya ce shi bai damu a san garinsu ba. Abin da yake so uku ne: a faɗa masa inda zai kai in ya shekara biyar, a ba shi hutunsa in lokaci ya yi, kuma in ya kawo shawara a gaya masa abin da aka yi da ita. In babu waɗannan, ba zai tsufa a wurin ba kamar yadda su Baba suka tsufa.

Ɗanlahadi yakan yi shiru ne a irin wannan gardama. Yana ganin gaskiyar Mas'udu, amma kuma abin da Malam Yahya ke faɗa shi ne abin da ransa ke so. Ya ɗauka a kamfanin nan zai samu duka biyun.

A 2019 ya auri Grace, ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Zariya. Suka yi shawara za ta nemi canji ta dawo kusa. Kafin canjin ya fito hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka fara tare mutane, ƙauyuka suka fara watsewa, unguwarsu ta bayan Ketare ma ta tashi, Inna Tabita ta koma Malumfashi wurin yayarsa. Grace ta zauna a Zariya da jaririnsu, shi ya ci gaba da zama a ɗakin da ya kama a Ƙanƙara.

Kamfanin ya fara da janye motar, don farar mota mai tambari tana jawo ido. Direba ya tafi da ita. Aka ba su babura. Bayan wata shida kwantiragin Malam Yahya ya ƙare, aka ce shekarunsa sun wuce ƙa'idar hawa sama. Saƙo ne ya zo masa a waya, layi uku, da godiya a ƙarshe. Ɗanlahadi da Mas'udu ne suka sayi shadda da turare suka kai masa gida Faskari, suka ce daga kamfani ne. Dattijon ya karɓa ya yi godiya, ya dube su ya yi murmushi.

Mas'udu ya ƙara shekara ɗaya. Ya rubuta wa ofishin Kaduna, inda masu kula da su suke, shawara mai shafi huɗu kan yadda za a koya wa mutum biyu a kowane gari ƙananan gyare-gyare don a rage yawo a hanya. Aka amsa masa cewa shawarar ta yi kyau ƙwarai, an tura ta sama. Bai sake jin labarinta ba. Da damina ta 2021 ya ajiye aikin ya tafi Abuja ya fara sa wa masu gidaje sola da kansa.

Ranar da zai tafi, a tashar motar Sheme, ya ce, "Mutumina, ka taho mu tahi. Mutanen nan ba mugaye ba ne, amma ba su ganinka. Ɗigo ne kai a taswira."

Ɗanlahadi ya ce zai yi tunani. Aka ce za a turo wani a madadin Mas'udu. Mutum biyu aka tura wa takarda, dukkansu suka ƙi zuwa, kuma bai ga laifinsu ba.

Daga nan rayuwarsa ta koma abu ɗaya. Litinin da Talata Ketare, Laraba Daudawa, Alhamis ya bi ta Funtuwa da Dandume ya shiga Sabuwa, ya kwana gidan wani mai shago, Juma'a ya dawo. Ba ya fita sai rana ta ɗaga, ba ya bari la'asar ta same shi a hanya. Aikin da zai yi manhajar kamfani ce ke turo masa a waya, in ya gama ya ɗauki hoto ya tura, alamar ta koma kore. Shugabansa na Kaduna an canza shi sau uku, biyu daga ciki bai taɓa ganinsu ido da ido ba. Kowace Litinin da safe akwai taro ta bidiyo, kuma a Ketare sabis ba ya kamawa sai ya hau saman kwantena. Nan zai zauna rana na dukansa, yana kallon ƙananan fuskoki a waya suna shan shayi a ɗakuna masu sanyi. Wani lokaci akan buɗe taron da wasa, a ce kowa ya faɗi abin da ya yi a ƙarshen mako. Kafin a zo kansa sabis ya yanke.

Ba wai mutanen garuruwan ba sa kula shi ba ne. Ana gaishe shi, ana ba shi fura, mai garin Daudawa yakan aiko a tambayi lafiyarsa. Amma a wurinsu shi ne kamfani. Duk wanda ya zauna kusa da shi, kafin a jima zancen ya koma kan wuta: me ya sa ta ɗauke shekaranjiya, yaushe za a ja waya zuwa unguwarsu. Ba wanda zai ce wa, ka ji batirin nan na uku yana wani irin ƙara, ya fahimci abin da yake nufi. Ya kama kansa sau da yawa yana magana shi kaɗai a cikin kwantena, yana tambaya yana ba kansa amsa da irin muryar Malam Yahya.

Rukunin da su arba'in ɗin nan suka buɗe a waya tun Abuja yana nan. Da farko hotunan aiki ake turawa da barkwanci. Daga baya ya koma wurin sanar da tafiya: wannan ya samu wani kamfani, waccan ta tafi karatu waje. Kowa a taya shi murna. Ba wanda ke zagin Walƙiya, sai dai ba wanda ke maganar zama.

Tambayoyin wata uku ba su daina zuwa ba. Shekara biyu yana danna "lafiya lau" a kowane layi don ya huta. A farkon 2023, yana zaune a Sabuwa yana jiran batura su huce, ya kai layin ƙarshe inda aka bar fili aka ce in akwai abin da kake son faɗa. An rubuta a sama cewa ba wanda zai san mai amsa. Sai ya fara rubutu. Ya ce wata goma sha tara ke nan bai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da wani ɗan kamfanin ba. Ya ce yana hawa falwaya ba mai riƙe masa tsani. Ya ce ba ƙarin girma yake nema ba, so yake in ya yi magana ya san mutum ne ya ji, kuma a daina ce masa nan gidansa ne, don a gidansu in mutum ya kwana biyu ba a gan shi ba ana zuwa dubawa. Ya tura kafin ya canza shawara.

Bayan kwana tara wata mata ta kira shi. Ta ce sunanta Hafiza, daga sashen kula da ma'aikata a Kaduna. Muryar ta sa'arsa ce, Hausarta ta Zazzau.

"Injiniya, zan faɗa maka wani abu da bai kamata in faɗa ba. Amsoshin nan ba suna a jikinsu, amma ana raba su yanki-yanki. Yankinka mutum ɗaya ne a ciki."

Sai dariya ta kama shi, irin wadda ba ta daɗi ba.

Ta ce, "In kana so zan iya haɗa taka da na 'yan Zamfara, ta ɓace a ciki. In kuma ka ce in bar ta, gobe tana teburin manya da sunan yankinka."

"Ke mi kika gani?"

"Ni shekara huɗu ina tattara amsoshin nan. Ina yin jadawali mai launi, a nuna a taro, a tafa. Taka ce ta farko da na karanta na kasa cin abinci. Amma ba ni zan zauna da abin da zai biyo baya ba, kai ne."

Ya ce ta bar ta.

Abin da ya biyo baya ba shi ne abin da ya ji tsoro ba. Ba a hukunta shi ba. Gayyatarsa aka yi babban taron ma'aikata na shekara a Abuja, aka ce ya zo ya yi magana minti biyar. Ya sa sabuwar riga ya tsaya gaban mutum ɗari shida a wani babban otal, ya faɗi abin da ya rubuta. Aka miƙe tsaye ana tafi. Wani babban darakta ya rungume shi, ya ce irin wannan gaskiyar ce kamfanin ke alfahari da ita. Aka ba shi lambar yabo ta gilashi, aka ɗauki hoto.

Lokacin cin abincin rana ya zauna da wasu sa'o'insa daga sassa daban-daban, Hafiza na cikinsu, 'yar gajeruwa mai tabarau. Wani ɗan sashen gas ya ce shi matsalarsa ba kaɗaici ba ce, su hamsin ne a ofis, amma saƙon aiki ba ya barinsa ko ranar Lahadi. Wata ta ce shekara shida tana kujera ɗaya, duk wanda ta tambaya yadda ake gaba sai ya ce ta ƙara haƙuri. Wani kuma ya ce a yi adalci, ya yi aiki a wurare biyu kafin nan, a can ko bakinka ba ka isa ka buɗe ba. Duk suka yarda da wannan. Sannan ɗan sashen gas ɗin ya tambaya, cikinsu wa bai tura takardar neman aiki wani wuri ba a bana. Ɗanlahadi ne kaɗai ya ɗaga hannu. Suka dube shi kamar ya ba su tausayi.

Ya dawo Ƙanƙara. Bayan sati biyu hotonsa ya fito a mujallar kamfani. Bayan wata guda aka aiko masa kwali ta motar haya, ciki da riga mai tambari da gorar ruwa da kati. Maganar abokin aiki kuwa aka ce tana gaban kwamiti.

Ranar wata Laraba cikin watan Agusta, ruwan da aka yi da iska ya karya reshe ya faɗa kan waya a bayan tashar Daudawa. Tashar tana wajen gari, masara ta kewaye ta ta fi mutum tsawo. Ɗanlahadi ya iso da hantsi, ya kashe wutar gari gaba ɗaya, ya jingina tsani da falwaya. Ƙasa ta jiƙe. Ya danna ƙafar tsanin da takalminsa ya ga kamar ta zauna. Yana kaiwa sama, kafin ya ɗaura igiyar ƙugu, tsanin ya zame.

Da ya farfaɗo yana kwance a gefe, ƙafarsa ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Wayarsa ta faɗi can gaba, taku biyar ko shida, cikin ciyawa. Ya yi ƙoƙarin jan jiki, azaba ta maida shi. Ya yi kira har muryarsa ta dishe, ba kowa, ranar mutane ba su fito gona ta wannan gefen ba. Yana jin wayar tana ƙara lokaci-lokaci, ƙarar da ya sani, ta manhaja mai tuna masa cewa aikin ya wuce lokacinsa. Ya ce a cikin awa biyun da ya yi kwance a wurin bai yi tunanin mutuwa sosai ba. Abin da ya yi ta zuwa masa shi ne lissafin wanda zai fara lura ba ya nan. Grace sai yamma take kira. Kaduna sai Litinin.

Alhaji Salihu mai injin niƙa ne ya zo. Mata sun cika masa rumfa da hatsi, wuta ta ƙi dawowa, ya hau babur a fusace ya taho ya yi faɗa. Shi ya kira mutane, aka ciro ƙyauren wani shago aka ɗora Ɗanlahadi a kai, aka samu mota zuwa asibiti a Funtuwa. Ƙashin cinya ne ya karye.

Shugabansa na Kaduna ya kira washegari. Ya yi masa sannu da gaske, muryarsa duk ta rikice, sannan cikin jin kunya ya ce akwai takardar rahoton hatsari da doka ta ce a cike cikin kwana ɗaya. Ɗanlahadi bai ji haushinsa ba. Ya san shi ma sa'ansa ne, tashoshi goma sha ɗaya ke wuyansa. Kamfanin ya ɗauki nauyin magani duka, bai yi ƙasa a gwiwa ba ta wannan gefen.

Grace ta zo daga Zariya, Inna Tabita daga Malumfashi. Rana ta biyu sai ga Malam Yahya da sandarsa da kwanon fura, wani ne ya gaya masa a kasuwar Sheme. Ya tsaya bakin gado ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Wa ya riƙe maka tsani?"

"Ba kowa, Baba."

"Shekara uku ina gaya maku ba a hawa sai da mutum a ƙasa."

"To Baba, in na jira mutum garin zai kwana nawa ba wuta?"

Dattijon ya ajiye kwanon furar. Ya ja kujera ya zauna, kuma kwana huɗu yana zuwa tun safe, sai la'asar ya tafi gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari. Ba wata hira mai yawa suke yi ba. Ɗanlahadi ya ce rabonsa da ya ji hankalinsa ya kwanta haka tun kafin a janye mota.

Mas'udu ma ya zo, ya yi ƙiba, da motarsa. Ya ce yana da yara shida da ke masa aiki, yana neman wanda zai riƙe masa su, in ƙafa ta warke wuri na nan.

Hafiza ba ta zo ba, amma ita ta yi abin da ya canza wani abu. Ta ɗauki rahoton hatsarin, ta haɗa da abin da ya rubuta wata bakwai kafin nan, da hoton daraktan yana rungume da shi, ta tura wa manya uku a saƙo ɗaya ba tare da ta bi ta kan shugabanta ba. An yi mata faɗa a kan haka. Amma kafin a sallame shi daga asibiti doka ta fito ga dukkan tashoshin kamfanin: ba mai sake hawa sama shi kaɗai. Da ta kira ta gaya masa, ta ƙara da cewa ƙarshen wata za ta bar aikin, ta samu wuri a wata ƙungiya a Abuja.

"Ke ma?" ya ce.

"Ni ma, Injiniya. Na gaji da sai mutum ya karye kafin a karanta abin da na tura."

Wata biyar ya yi kafin ya koma. Ya yi su a Zariya, kuma shi ne zama mafi tsawo da ya taɓa yi da ɗansa, wanda da farko ma ɓuya yake yi bayan uwarsa in ya gan shi. Grace ta so ya karɓi tayin Mas'udu. Ta ce, "Maigida, mutanen nan sun nuna maka iyakarsu. Me kake jira?"

Ya ce ba kamfanin yake jira ba. A watannin da yake kwance, daga Kaduna ake turo mutum sau ɗaya a sati biyu, kuma tashar Sabuwa ta yi kwana goma sha ɗaya a kashe. Ya san in ya tafi ba za a samu mai zama ba, a hankali za a rufe su ɗaya bayan ɗaya. Ya san masu injin da masu walda da ɗakin shan magani na Daudawa da firjinsa na allurai. Garinsu ne. Ta ce garinsu ne, amma ba shi kaɗai aka haifa a ciki ba. Suka tsaya a kan zai ƙara damina biyu, a cikinsu ya yi wani kwas da yake bi ta waya, sannan su sake zama.

Kamfanin bai samu cikakken ma'aikacin da zai zo ba har yanzu. Abin da aka yi shi ne aka ɗauki wani magidanci mai gyaran wuta a Faskari, Malam Uwais, ana kiransa duk ranar da aikin hawa ya taso. Mutum ne marar magana, yakan riƙe tsani da hannu biyu, idonsa a sama, har a sauko. Irin wannan aikin bai fi sau uku ko huɗu a wata ba. Sauran ranakun Ɗanlahadi shi kaɗai ne, yana ɗan ɗingisawa tsakanin allunan sola da tsumma a hannu.

Cikin su arba'in da aka ɗauka tare, bakwai suka rage. In aka tambaye shi yadda kamfanin yake, yakan ce wuri ne mai kyau ga wanda ke kusa, kuma ko su manyan yana ganin da gaske suke lokacin da suke magana, sai dai maganar ba ta da ƙafar da za ta iso Sabuwa. A watan jiya ya tura takardar neman aiki karo na farko, wani wuri a Zariya. Bai gaya wa Grace ba tukuna, don kada ta sa rai. Bai kuma gaya wa mutanen Daudawa ba, waɗanda suka fara yi masa maganar a ja waya zuwa sabuwar makarantarsu kafin azumi.